Bukari Bakin Ƙofa

Duk wanda ya saba zama a shagon Chaibou mai sayar da tarho a unguwar Goutte d'Or ta birnin Paris ya san Malam Bukari, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai furfura a haɓa, wanda kan zo da yammar Asabar sanye da kwat na aiki da karabat ɗaure a wuya, ya karɓi kofin shayi, ya tsaya a bakin ƙofa yana kurɓa. In aka miƙa masa kujera sai ya ce ai a zaune ya wuni. 'Yan Damagaram na unguwar su suka laƙaba masa Bukari Bakin Ƙofa, amma ba ƙofar Chaibou ce ta jawo masa sunan ba. Daga wurin aikinsa aka samo shi.

Karatu ne ya kawo shi Faransa. Ya sauka a Lyon da akwati ɗaya da niyyar ya karanci ilimin ƙasa, ya koma Zinder ya koyar. Karatu dai ya yi, takarda kuma ya samu, komawar ce aka yi ta ɗagawa daga bana zuwa baɗi. Ya auri Fatsima, 'yar garinsu da ta zo koyon aikin jinya, suka kama gida a wani dogon bene a Vaulx-en-Velin da ke gefen Lyon, ya fara tuƙin bas don a samu na cefane kafin aikin kirki ya zo. Aikin kirki bai zo ba, tuƙi kuwa ya karɓe shi. A shekarar 2003 wani kamfanin yawon buɗe ido na Paris ya ɗauke shi, ya kwashi iyali suka koma kusa da Porte de la Chapelle, aka ba shi doguwar motar nan da suke kira kar.

Yawancin baƙin kamfanin mutanen Japan ne, tsofaffi masu huluna da kyamarori, waɗanda ba sa makara kuma ba sa barin ko ɓawon alewa a kujera. Bukari ya ji daɗin aiki da su ƙwarai. Ya kai su Versailles, ya kai su Chartres, ya kai su Mont-Saint-Michel a bakin teku har ya san kowane rami na hanyar. Yakan riƙe wa tsohuwa laima, ya riƙe hannun tsoho a matakala, ya raka su har ƙofar coci. A nan yake ja ya tsaya. Ba ƙyama yake yi ba, kuma bai taɓa yi wa kowa wa'azi a kai ba. In an matsa masa sai ya ce, gidan ibadar mutane ne, shi kuwa direba ne. Shekara da shekaru yana kai mutane wuraren nan, cikinsu sai dai a hoto ya gani.

Da baƙi sun shige, sai ya koma wurin ajiye motoci. Ya ɗauko gorar ruwa da 'yar darduma daga ƙarƙashin kujerarsa, ya shiga tsakanin motarsa da ta kusa da ita, ya yi alwala, ya ta da salla. Wannan lungu na tsakanin manyan motoci biyu shi ne masallacinsa. Iska ba ta ɗage darduma, ba mai gitta masa, ba mai tsayawa yana kallonsa kamar ya ga sabon abu. Direbobin da suka san shi ma sukan bari sai ya yi sallama kafin su ta da inji.

'Ya'yansa uku, amma labarin nan na babbar ne. Ita ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyarsa ya sa mata, Hamdiya, don haka kunya ta zama biyu. Tun ranar suna bakinsa bai taɓa furta sunan nan ba, Uwata yake ce mata. Leïla da Ilyes yakan yi musu faɗa ido da ido, amma in Uwata ce ta yi laifi, sai ya sa Fatsima a gaba da mita, ita ta isar da saƙo. Fatsima takan ce ita dai an mai da ta gidan waya a cikin gidanta.

Lokacin hutun makaranta yakan tafi da yarinyar, ta zauna a kujerar gaba. Tsofaffin nan suka ɗauke ta kamar jikarsu, wannan ta ba ta alewa, waccan ta naɗa mata tsuntsu da takarda, ana koya mata gaisuwa tana maimaitawa ana tafi. In za su shiga coci sai su ja hannunta, shi kuwa ba shi da bakin hana ta. Takan riga su fitowa, ta dawo ta zauna a matakalar mota tana kaɗa ƙafa har ya idar da salla. Da ta gama sakandare ta ce harshen Japan za ta karanta, ba wanda ya yi mamaki sai shi. Ta koma Lyon, ta zauna wurin ƙanwar uwarta Hassia a Vaulx-en-Velin, ta yi jami'a. A 2014 ta samu aikin yi wa Faransawa masu ziyara jagora a Japan, a garin Kamakura da ke bakin teku. Ya kai ta filin jirgi, ya sa mata albarka yana kallon akwatinta.

Hankalinsa kwance yake har wata Asabar da Chaibou ya miƙo masa tarho. Chaibou ba mugu ba ne, bakinsa ne kawai ba shi da murfi.

"Malam, wagga ba ɗiyarka ba ce? Dubi foto ɗin da yara suka nuna mini."

Ita ce kuwa. Tana tsaye gaban wani kwamin dutse cike da ruwa, da ludayi mai dogon hannu, ta sunkuyar da kai tana zuba ruwa a hannun hagu. A bayanta ga wata ƙatuwar ƙofa ja, ba bango ba ƙyaure.

"An ce alwallarsu ce," in ji Chaibou, "kahin su shiga wurin gumakan. Ni dai ban ce komi ba."

Ai kuwa ya riga ya ce. Bukari ya ajiye shayin bai ƙarasa ba, ya taka da ƙafa har gida, bai ko lura da masu tallan da ke tare hanya a bakin gada ba. Tsoro ne ya kama shi, tsoro ɗaya tak: kada a ce yarinyar nan ta bar salla. Abin da ya fi cin ransa kuma shi ne, da hannunsa ya ɗora ta a kujerar gaba, shi ya tsaya a ƙofa yana kallo ana jan hannunta zuwa ciki.

Ya sa Fatsima ta tambaya. Fatsima ta buga waya, aka yi hira, aka yi dariya, ta dawo ta ce ta ce tana yi. Bukari ya ce wace ɗiya ce za ta ce wa uwarta ba ta yi? Fatsima ta ce to ga tarho, ya tambaya da kansa. Ya dube ta kamar ta ce ya tuɓe riga a kasuwa. Yaya mutum zai buɗe baki ya tambayi mai sunan uwarsa ko tana salla? Haka ya yi watanni yana ramewa a tsaye, tuwo ba ya shiga, har wata rana ya wuce mararrabar Chartres da baƙi cike da mota. Ranar Fatsima ta gaji.

"Malam, bakinka ba ya iyawa, to idonka fa? Tun yaushe yarinyar ga take cewa ka zo ka zo? Tahi ka gani, mu huta."

Da kakar 2016 ya ɗauki hutu ya tafi. Hamdiya ta tarye shi da murna, da ɗankwalinta a ɗaure irin na uwarta, tana ta "Papa, ça va? Ka gaji ko?" Kafin su fita daga tasha ta rusuna wa mai duba tikiti, ta rusuna wa wata mata da ta matsa musu, ta rusuna wa mai taksi. Bukari ya shekara goma sha ana rusuna masa a ƙofar mota bai taɓa damuwa ba, amma da ya ga wuyan 'yarsa ya saba da abin, sai gabansa ya faɗi. A gida ta ba shi ɗakinta, ta shimfiɗa masa darduma, ta duba tarho ta nuna masa alƙibla. Wajen faɗuwar rana ta nuna. Mutumin da tun yana yaro gabas yake kallo, ga shi yau an juya shi yamma. Ya yi sallar dai, amma a ransa yana cewa ƙasar da alƙibla ma ta juya, me zai hana mutum juyawa?

Ita kuwa ta ja masa ƙofa ta fita. Ba ta bi shi salla ba. Da asuba ya kasa kunne ko zai ji motsin ruwa daga wajenta, shiru. Washegari ma shiru.

Da yake tana da baƙi a makon, sai ta sa shi cikin ayarin. Karo na farko ke nan da Bukari ya zauna a kujerar baya ta kar, yana taka birkin da babu shi duk lokacin da aka zo kwana. Direban wani dattijo ne mai farar safar hannu, tuƙinsa ba laifi, Bukari ya yarda da haka a ransa ba tare da ya so ba. Suka je wurin wani ƙaton mutum-mutumi na Buddha, na tagulla, ya yi kore don tsufa, yana zaune a fili ya fi gidan sama tsayi. Bukari ya hango kansa daga waje ya ce ya isa. Suka je wani wurin bautar Shinto, addinin gargajiyar ƙasar, mai dogayen matakala, ga jar ƙofar nan ta cikin hoto, ga kwamin ruwa, ga ludaya a jere. Yana tsaye daga nesa ya ga Uwata ta ɗauki ludayi tana nuna wa Faransawa: a zuba a hagu, a zuba a dama, a kurkure baki. Sai ka ce alwalar da aka fara aka fasa. Daga nan ayarin ya hau sama, inda ake rusunawa ana tafa hannu, mutane suka rufe ta, ya yi ɗage har wuyansa ya ƙage bai ga ko ta yi ko ba ta yi ba.

Sau ɗaya ya yi dariya a kwanakin nan. Suna zaune a bakin teku yana cin burodi da kifi, sai shirwa ta kawo sura ta fizge daga hannunsa, ta bar shi da takarda. Ya ce, "Kai! Har nan kika biyo ni?" Rabonsa da shirwa ta yi masa haka tun yana yaro a mahautar Zinder. Hamdiya ta yi dariya har da hawaye, shi ma ya yi, sai kuma ya tuna abin da ya kawo shi, dariyar ta koma ciki.

Ya kira Fatsima daga bakin wani shago, ya rage murya kamar akwai mai jin Hausa a garin.

"Hal yanzu ban ga ta kalli gabas ba. Ko sau guda."

Fatsima ta fashe da dariya.

"Malam ke nan. Ka ƙara haƙuri dai, ka ci gaba da kallo."

Ya kashe wayar cikin fushi. Yana cikin wannan hali mace tana masa dariya!

Ana jibi zai koma, aka kai baƙin wani gidan bautar Buddha da ke jikin tudu, yana kallon teku. An wuni ana yayyafi. Motar ta tsaya a ƙasa, aka hau da ƙafa, Hamdiya a gaba cikin shuɗiyar rigar ruwa. Bukari ya raka su har ƙofa ya ja ya tsaya inda ya saba. La'asar ta yi, kuma rana a can ba ta jira da kaka, ya san ya kamata ya sauka ya yi salla, amma ƙafarsa ta ƙi. Ya ga shigarta, yana so ya ga fitarta.

Faransawan suka fara fitowa ɗaya-ɗaya, wasu suka nufi shagon tsaraba, wasu suna ɗaukar hoton kifaye a tafki. Babu Hamdiya. Aka buga wata ƙararrawa mai nauyin murya, wadda ya ji har cikin haƙarƙarinsa, ƙanshin turaren wuta ya biyo iska. Ya leƙa. Can cikin babban ɗakin, inda fitilu ke haska wani dogon gunki mai ruwan zinariya, ga wata mace durƙushe cikin shuɗiyar riga, ta haɗa tafukan hannu, kanta a ƙasa.

Bukari bai san lokacin da ya tsallake ƙofar ba. Ya ratsa tsakar gidan, ya tuɓe takalma a bakin ɗakin don ya ga na mutane a jere, ya taka katakon da safarsa mai huji a babban yatsa. Mutumin da ya ƙi shiga cocin da duniya ke zuwa gani, ga shi tsakiyar ɗakin gunki. Ya buɗe baki zai ce Uwata, sai kalmar ta ƙi fita, don ba uwarsa yake nema ba a lokacin, ɗiyarsa yake nema.

"Hamdiya!"

Ɗakin ya amsa. Kowa ya waiwayo, har da mai shuɗiyar rigar. Wata tsohuwa ce 'yar Japan, mai tabarau, ta kai sa'ar uwarsa. Kunya ta rufe Bukari. Ya rusuna mata, ya sake rusunawa, yana ja da baya yana ba da haƙuri da 'yan kalmomin da ya tsinta a mota. In dai rusunawa a gidan nan ake magana, shi ne ya yi ta a cikin iyalinsa, ba ɗiyarsa ba.

Da baya da baya ya fita ta wata ƙofar gefe, sai ya tsinci kansa a kan wani dandamali mai shinge, inda masu ziyara ke tsayawa kallon teku. Ya dafa shingen. Ga teku nan shimfiɗe, toka-toka, ga rufin gidaje, ga jirgin ƙasa ƙarami yana bin gaɓa. Idon direba kuwa ba ya ganin gari bai nemi inda aka ajiye motoci ba. Ya gano wurin a gindin tudu, manyan motoci a jere, ya gano tasu. A tsakaninta da ta kusa da ita akwai wani abu shuɗi shimfiɗe a ƙasa, da mutum tsaye a kai, yana fuskantar inda rana ke shirin faɗuwa. Yana kallo mutumin ya yi ruku'u, ya ɗago, ya tafi sujada.

Bukari ya sauke wata ajiyar zuciya da ta yi watanni tana neman hanya. Daɗi ya kama shi har ya rasa abin yi, sai alhamdu lillahi yake ta maimaitawa a gidan mutane. A nan ne kuma dariyar Fatsima ta dawo masa, ya gane abin da take wa dariya. Mutum mai mata da 'ya'ya mata biyu, a ce ya manta akwai kwanakin da Allah ya ɗauke wa mace salla! Ya rufe fuska da hannu shi kaɗai.

Ya sauko tudun da sauri, sai da ya kai tsakar gida ya tuna da takalmansa ya koma. A wurin motoci ya tarar da dattijon nan mai farar safar hannu tsaye a gaban kar, inji a kashe. Da ya ga Bukari sai ya ɗora yatsa a leɓe, ya nuna lungun da haɓa. Bukari ya gyaɗa masa kai, direba da direba.

Hamdiya ta yi sallama, ta shafa addu'a, ta ɗago ta gan shi.

"Papa! Ina ka shiga? Na sauko ta ƙaramar hanya, na ɗauka nan zan iske ka. Mais regarde, dubi safarka duk ta jiƙe."

Ya dubi rigar ruwan da ke ƙasa, ya dubi gorar ruwa a gindin taya.

"Uwata, wa ya gwada miki nan wurin?"

Ta dube shi kamar ya tambaye ta wa ya koya mata tafiya.

"Wa kuwa? Tsakanin kar biyu babu iska, ba mai gittawa. Tun ina ƙarama nike gani."

Ta miƙa masa gorar, ta gyara masa rigar a ƙasa. Ya yi alwala, ya fuskanci yamma, wannan karon ba tare da wani ƙorafi ba. Da ya kai sujada ya daɗe bai ɗago ba, don ba ya so ta ga idonsa. Ita kuwa ta koma ta zauna a matakalar mota tana jiransa, har da kaɗa ƙafa.

A hanyar komawa wata Bafaranshiya ta ba ta labarin wani mutum da ya shigo ɗakin bauta yana kwaɗa kiran sunanta. Hamdiya ta waiwayo ta dubi kujerar baya. Bukari ya mai da hankali ga taga, yana kallon teku kamar an ba shi aikin gadinta. Har suka isa gida murmushi bai bar fuskarta ba. Maganar ludayi da kwamin ruwa kuwa bai taɓa tayar da ita ba, ita ma ba ta kawo ba.

Fatsima ce kaɗai ya faɗa wa ya shiga ɗakin gunkin nan, ita kuma ta riƙe abin tana zolayarsa da shi duk ranar da ya cika mita. A unguwa sunansa bai canja ba. Asabar ɗin farko bayan dawowarsa ya je shagon Chaibou da 'yar tsarabar alewa, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi hanya, aka tambayi gajiya, aka tambayi sanyin can. Chaibou yana ta juya cokali a kofi, tambayar na cin bakinsa, har ya kasa daurewa.

"To, Malam, mi ka gano?"

Bukari ya karɓi shayinsa ya kurɓa.

"Tana salla," ya ce.

Sai ya jawo kujera ya zauna.